Sanarwa ga masu turkar shanu

Salam ƴan uwa, don Allah a kula da warin nan mai yaji da ke tashi a ɗakin shanu, amoniya ce, tana fitowa in fitsari ya haɗu da kashi ya kwana. Ku shiga da asuba ku tsuguna daidai inda suke kwanciya, in idonku ya kawo ruwa to abin da suke shaƙa kenan duk dare, daga nan sai tari da majina, ci ya ragu. A kwashe kashi kullum, a zuba busasshen buntun shinkafa, a yi wa fitsari kwata. Masu toshe tagogi da leda saboda hunturu ku bar kafa ta sama. Angurya ma in ta yi yawa a abincinsu warin fitsarin ƙaruwa yake.