Zuwa ga mutumin Agege

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da amarya da yara. Shirun ya yi yawa, har Hajiya ta tambaye ni ko faɗa muka yi. Na ce mata a'a, Legas ce ta haɗiye ka. Da gaske ne ba za ka zo babbar sallah ba?

To, albishirinka: laftof ɗina ta samu mazauni.

Ka san na sayar da tsohon fiyanon nan da kake kira akwatin gawa, na sayi ƙaramin Casio, CDP-S110. Maɓallai 88 cif, nauyinsa kilo goma da rabi, ni kaɗai nake ɗora shi a keke Napep in za ni biki. Sirantar da na so shi dominta ita ce ta hana ni wurin aje kwamfuta. Daga gabansa zuwa bayansa santimita 23 ne kacal, maɓallan sun cinye mafi yawa, abin da ya rage a sama bai wuce faɗin tafin hannu ba. Laftof mai inci 15 kuwa ta fi fiyanon gaba ɗaya zurfi. Ɗan allon da ya zo da shi na jingina takarda ne, ba a yi shi don ɗaukar kilo biyu ba.

Kowa ya kawo tasa dabarar. Dogon naku cewa ya yi a ɗaure ta da robar babur. Allah ya shirye shi, har yanzu bai biya ni kuɗin wayar sifikata ba. Ajiye ta a tebur a gefe kuma wuya ne ke biyan bashin, hannu na gabas ido na arewa, kafin a gama ɗaukar waƙa ɗaya ka sandare.

Mai waldan bakin layinmu ne ya raba gardama. Ya zo ya tsaya yana kallona ina kiɗa, ya ga yadda ƙafar fiyanon mai siffar X ke rawa duk lokacin da na daki maɓallan ƙasa, sai ya ce, "Malam, kada komai ya hau kan kayan nan. A yi mata ƙafarta daban." Ya haɗa firam da siririn fayif, ƙafafu biyu suna tsaye a ƙasa ta bayan fiyanon, faranti ya miƙo ta sama, an ɗan karkata shi, da leɓe a gaba don kada ta zame. Ya huda farantin saboda fankar laftof ta ƙasa take shan iska, kuma ka san zafin Kano a watan Afrilu. Da noti aka ɗaure, ina kwancewa in zuba a buhu. Tsayin ne ya ba mu aiki: in ya yi ƙasa yatsu na bugun ƙarfe wajen baƙaƙen maɓallai, in ya yi sama kafaɗa ta gaji da miƙa hannu. Mun tsaya a inda nake taɓa FL Studio, manhajar haɗa kiɗa da ke laftof ɗin, ba tare da na tashi daga kujera ba.

Kai da ka ce ba zan taɓa barin kiɗan "ɗora a kan jarka" ba, sai ka zo ka gani.

Af, ƙanwar mai shayi an sa rana, bayan sallah da sati biyu, kuma ni zan yi kiɗan kamu. Angon ba wanda kake zato ba ne. Ba zan rubuta ba, ka kira.

Saura matsala ɗaya. Waya ɗaya ce tsakanin laftof da fiyanon, USB irin ta firinta, amma da na jona cajar laftof a janareta sai wani zuuu ya shiga sifika, in na zare ya ɗauke. Yanzu da batir nake ɗaukar murya, shi kuma ya tsufa. In ka shiga kasuwar Alaba ka tambayo mini kuɗin ɗan akwatin nan na DI mai yanke ƙarar, kada ka saya sai ka faɗa mini, na san halinka da ’yan kasuwa, kunya ce ke cinye maka kuɗi.

Ka gaida amarya, ka ce mata yajin da ta aiko ya ƙare tuntuni.

Naka,
Makaɗin layinku