Wasiƙa ga Iyaye: Za Mu Fita da Yara Kallon Tsuntsaye

Iyayen ɗalibanmu da masu riƙonsu, assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ku da iyali baki ɗaya.

Ranar Asabar ta biyu a watan Oktoba, in Allah ya kai mu, za mu kai 'yan aji biyar da na shida gandun dajin da ke kusa da mu domin kallon tsuntsaye. Da gangan muka zaɓi ranar. Ɗaya ce daga ranaku biyu da aka keɓe a duniya kowace shekara don tsuntsaye masu ƙaura, kuma a daidai lokacin ne baƙin tsuntsaye daga Turai ke sauka bayan sun ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara.

Wani zai ce, tsuntsu dai da ke tsakar gida kullum? Gaskiya yaranmu na ganinsa, amma kaɗan ne suka taɓa zama suka ƙura masa ido. Tsattsewar da ke shawagi a bakin ruwa nauyinta kusan giram 20 ne, da wannan ɗan jikin take cin dubban kilomitoci. Turawan zamanin da sun daɗe suna gardamar inda take shiga da sanyi, har wasu na cewa cikin taɓo take kwana. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyanta, da shi ta yi dukan tafiyar daga Afirka, abin da ya nuna inda suke zuwa da sanyi. Tana nan ajiye a Jami'ar Rostock har yau. Sa wa tsuntsu zobe mai lamba a ƙafa don a gane hanyarsa kuwa, wani malamin makaranta ne ya fara shi a Denmak a 1899. Mun ba yara waɗannan labarai a aji, yanzu saura su gani da idonsu.

Abin da na fi so su samu shi ne natsuwa. Zalɓe kan tsaya cikin ruwa da wuya a lanƙwashe, ko motsi babu, sai kifi ya gitta ya kai sara sau ɗaya. Yaron da ya iya jiran wannan sarar, ya kuma rubuta launin baki da tsawon ƙafa da irin kukan da ya ji, ya kama hanyar kimiyya tun yana ƙarami.

Za mu taru a makaranta ƙarfe 6:00 na safe, don da sanyin safiya tsuntsaye suka fi kiwo da kuka. Kowane yaro ya zo da littafin rubutu, fensir, gorar ruwa, hula da takalmi rufaffe. A guji fararen kaya da masu ƙyalli, suna firgita tsuntsu. Wanda ke da madubin hangen nesa a gida, ya taimaka ya ara mana.

Don Allah iyaye a duba aljihun yara kafin su fito, kada danƙo ya biyo mu. Ba a taɓa sheƙa, ba a ɗaukar ƙwai, domin uwa na iya ƙaurace wa sheƙar da aka dame ta a kai. Malamai da ma'aikatan gandun za su kasance tare da yaran har mu dawo kafin azahar.

Takardar izini na cikin jakar kowane ɗalibi. A sa mata hannu a maido wa malamin aji kafin ranar Laraba. Iyayen da ke son rakiya su rubuta sunansu a ƙasanta, muna maraba da ku.

Nagode,
Shugaban Makaranta