Dan Allah a gaya wa yaranmu, ba a sayar da gurbin sojan leƙen asiri a WhatsApp

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatanka. Ni tsohon soja ne, na ajiye kaki shekaru da dama, yanzu ina zaune a Agege nan Legas ina ɗan taɓa sana'ar hatsi. Ban saba rubuto wa jarida ba, amma abin da na gani sati uku da suka wuce ya hana ni barci shi ya sa na ce bari in ɗauki waya in rubuto ko Allah zai sa wani ya tsira da kuɗinsa.

Bayan sallar isha'i ne maƙwabcina mai shayi ya shigo min da ɗansa, yaro mai hankali wallahi, ya gama sakandare yana jan keke napep yana taimakon gida. Uban sai murmushi yake, ya ce Malam ai abin arziki ya samu, an ɗauki yaron nan sojan ko-ta-kwana na Amurka kuma sashen leƙen asiri, mun zo ne ka ɗan koya masa fareti da yadda ake ƙamewa kafin ya tafi kar ya je ya ba mu kunya. Na ce to madalla, ina takardar? Yaron ya miƙo waya ya ce ga ta Baba. Takarda ce mai hoton mikiya da tambari ja, wai ana neman masu jin Hausa da Fulatanci saboda matsalar tsaro a Sahel, wai albashi dala dubu huɗu duk wata. Ya biya kuɗin fom, ya biya kuɗin gwajin lafiya wanda ba a yi masa ba, saura kuɗin biza, kuma don ya haɗa wannan ɗin ne ya sayar da kekensa. Mutumin da ya karɓi kuɗin ko fuskarsa ba su taɓa gani ba, a wani guruf na WhatsApp suka haɗu.

Ban ce masu komai ba a lokacin, don in ka fasa wa mutum ƙwai a gaban ɗansa ba zai manta ba. Ina da ɗan ƙanwata da aka haifa a can Amurka, kuma shi yana cikin sojan ko-ta-kwanan da gaske, sai na kira shi ta bidiyo a gabansu na ce ya duba mana. Ya fara dariya, da ya ga fuskar yaron sai ya yi shiru, ya ce Kawu nawa suka ba da?

To Malam Edita ga abin da ya kamata mutanenmu su sani. Sojan ko-ta-kwana a Amurka mutum ne da yake zaune a gidansa yana aikinsa ko karatunsa, sai ya je atisaye ƙarshen mako ɗaya a kowane wata da kuma sati biyu a shekara, in ta ɓaci a kira shi a tura shi fagen daga kamar yadda aka tura da yawansu Iraki da Afganistan. Tun daga nan ma ai maganar ta rushe, don mutumin da ke Agege ta ina zai riƙa zuwa atisaye duk wata a Amurka, a keke napep? Kuma kuɗin da ƙaramin soja ke samu na wannan ƙarshen makon 'yan ɗaruruwan daloli ne, ba dubu huɗu ba.

Sannan ba a ɗaukar mutum daga wata ƙasa a kai shi. Kafin ma a saurare ka sai ka kasance ɗan ƙasa ko kana da katin zama na dindindin wanda ake ce wa girin kad, kuma sojan ba sa nema wa kowa biza, kai za ka samo takardunka da kanka tukuna. Mu 'yan Najeriya ma tun zagayen 2015 aka cire mu daga cacar bizar nan ta Amurka saboda yawan waɗanda suka riga suka shiga. Wannan fa sharaɗin zama soja ne kawai, direba ko makanike ko mai dafa abinci. Shi kuwa sashen tattara bayanan sirri girin kad ɗin ma bai isa ba, dole sai cikakken ɗan ƙasa, don ba a ba baƙo izinin ganin takardun sirri.

Akwai jarrabawa da ake kira ASVAB, ta lissafi da Turanci da kimiyya da sanin inji, mai takardar sakandare sai ya ci maki 31 kafin a ce ya wuce, amma mai son aikin nazarin bayanan sirri sai ya kawo 101 a ɓangaren fasaha. Daga nan likitocinsu su duba ka da kansu a cibiyarsu, ka sa hannu a kwantiragin da jimillarsa shekara 8 ce, ka yi horon kurata na sati 10, sannan a kai ka Fort Huachuca a jihar Arizona inda makarantar leƙen asirin sojan ƙasa take, ka yi wajen wata huɗu. Duk wannan ko sisi ba ka biya, su ne ma ke biyan ka.

Amma inda na fi so a tsaya a duba shi ne binciken da ake wa mutum, don nan ne asalin aikin yake. Akwai wani fom mai suna SF-86, ɗan ƙanwar tawa ya ce min kwanaki ya yi yana cika shi. Duk gidan da ka zauna cikin shekara 10, duk inda ka yi aiki, wa ya san ka a can, bashin da ake bin ka, ko ka taɓa shan ƙwaya, ko 'yan sanda sun taɓa kama ka, ƙasashen da ka je, da duk wani ɗan ƙasar waje da kuke da alaƙa ta kusa cikin shekara 7. Ni kaina da nake nan Agege ina auna gero sai da ya rubuta sunana a ciki, don muna waya duk sati. Bayan ka cika kuma ba shi ke nan ba, masu bincike za su bi mutanen da ka lissafa su yi masu tambayoyi, abin ya ɗauki watanni, wasu ayyukan ma har na'urar gano ƙarya ake ɗaura maka. Abin da suke nema su gani shi ne ko kai mutum ne da za a iya saye da kuɗi ko a tsorata da wani sirrinka. To wanda ya ba da cin hanci don ya shiga, ai ya riga ya amsa masu tambayar tun kafin su yi ta.

Maganar yare kuwa, nan ne ɗan damfarar ya yi wayo, don ya ɗauko gaskiya ce ta da ya lulluɓe ƙaryarsa da ita. An taɓa yin wani shiri mai suna MAVNI da ake ɗaukar baƙi masu jin wasu harsuna, kuma Hausa da Yarbanci da Ibo suna cikin jerin. Amma ko a lokacin sai wanda yake zaune cikin Amurka bisa ƙa'ida, kamar ɗalibi, kuma tun 2016 aka dakatar da ɗauka. Yau shekara nawa ke nan.

Da muka kashe waya uban ya daɗe bai ce uffan ba. Can sai yaron ya ce Baba to na Najeriya fa, ance akwai wanda zai iya sa ni a DIA in an ba shi wani abu. Na ce kai ma ka ji, daga wannan rami za ka faɗa wancan. Hukumar DIA ta leƙen asirin soja da SSS ta cikin gida da NIA ta ƙasashen waje duk a 1986 aka kafa su zamanin Babangida bayan an rushe tsohuwar hukumar tsaro ta NSO, kuma babu wadda take da teburin sayar da fom a ƙarƙashin gada. Sojan Najeriya aiki ne na cikakken lokaci, ba na Asabar da Lahadi ba. Fom ɗin kurata kyauta ne a shafin rundunar na intanet, shekara 18 zuwa 22, masu sana'ar hannu har 26, namiji tsayinsa kar ya gaza mita 1.68, ga sakamakon WAEC ko NECO ko NABTEB da aƙalla darussa huɗu har da Turanci, ga lambar NIN. In ka tsallake sai Daffo, wato wajen horon kurata irin na Zariya, ka sha rana da ƙura, bayan ka fito su ne za su duba su ga inda ka dace, ko dakarun ƙasa ko sigina ko leƙen asiri, ba kai ke zaɓa da aljihunka ba. A zamaninmu wanda aka ɗauka wannan sashen ma bakinsa ƙanin ƙafarsa, sai ku shekara a bariki ɗaya ba ka san me yake yi ba, shi ya sa in na ji mutum yana tallan aikin asiri a guruf mai mutum ɗari biyu sai abin ya ba ni dariya da takaici lokaci guda.

Wani abu da ke damun yaranmu na nan kudu musamman, tantancewar a jiharka ta asali ake yi da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Yaro an haife shi a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, garin kakansa sau biyu ya taɓa zuwa, to in lokaci ya yi sai ya rasa ina zai dosa, a nan ne dillalai ke samun ƙofa su ce kawo kaza mu gyara maka. Iyaye su nema wa 'ya'yansu wannan takardar tun da wuri mana, kuma sarakunan Hausawa na unguwanni su taimaka a kan haka.

Roƙona gare ku Malam Edita, duk lokacin da rundunar soja ta buɗe ɗaukar kurata ku riƙa buga sharuɗɗan da Hausa dalla-dalla, da ranar buɗewa da ranar rufewa, ku rubuta da manyan baƙaƙe cewa kyauta ne. Limamai ma su faɗa bayan sallar Juma'a, don masu shayi da masu faci ba duka ke karanta sanarwar Turanci ba.

Yaron dai mun raka shi ya kai ƙara wajen 'yan sanda da rasit ɗin turawar kuɗin, lambar mutumin kuwa tun washegari ta daina shiga kuma an cire shi daga guruf ɗin. Yanzu keken wani yake ja yana kai balas kullum yamma. Shekararsa 21, na auna shi a jikin bango da tef ɗin tela ya haura 1.68 da kaɗan, uban ya ce bayan salla zai tafi da shi gida a karɓo takardar ƙaramar hukuma.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani tsohon saje, Agege, Legas