Zuwa ga Aminina a Ingila, Kan Littattafan da Nake Karantawa

Katsina, daren Laraba.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da karatu, da sanyin ƙasar mutane. Mu nan sai godiyar Allah. Hunturu ya kama sosai bana, hazo yakan rufe gari har hantsi, ko hasumiyar Gobarau ba ka hangowa daga nesa. Inna tana gaishe ka da kyau, ta ce in tambaye ka ko kana samun geron kunu a can. Uwargida ma tana gaishe da ƙawarta, ta ce a shafa mata kan yara.

Ka tambaye ni abin da nake karantawa, ka kuma ce kada in ba ka amsar layi biyu irin ta waya. To ga ta a takarda, sai ka yi haƙuri da tsawonta.

Ka tuna littattafan James Hadley Chase da muke karɓa-karɓa a makarantar kwana, bango ya yage an liƙe da salatif, wani ma shafin ƙarshe ya ɓace sai mu tambayi wanda ya riga mu yadda aka ƙare? Kwanaki na ci karo da na farkonsa a wurin mai tsofaffin littattafai a bakin titi, wato No Orchids for Miss Blandish na 1939, na saya da murna. Wallahi ban iya kai shi ƙarshe ba. Ka san labarin, 'yan ta'adda ne suka sace ɗiyar wani attajiri a Amurka. Marubucin Bature ne ɗan Ingila, kuma lokacin da ya rubuta shi bai taɓa taka Amurka ba, da taswira da ƙamus na maganar 'yan dabarsu ya yi aiki. Ya iya tsara labari, ba na musu. Ya san bindiga, ya san mota, ya san yadda zai hana ka ajiye littafi. Amma bai san gidan da aka ɗauki mutum daga cikinsa ba. Bai san yadda ake zaune a tsakar gida an zuba wa waya ido, ba mai iya cin abinci, kowa na tsoron ta yi ƙara, kowa kuma na tsoron kada ta yi shiru ba. Mu kuwa yanzu mun sani. Tun ranar 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe yaran makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka dawo da 344 bayan kusan mako guda, ba wanda zai ƙara sayar mini da satar mutum a matsayin abin nishaɗi. Kuma kai ma ka san tun kafin Ƙanƙara mutanen Batsari da Safana da Jibiya da Faskari suke cikin wannan hali, hankalin duniya ne kawai bai kai kansu ba.

Kada ka ɗauka na yi sallama da ƙagaggun labarai masu duhu. Har gobe ina son su, sai dai ma'aunina ya canza. Wanda ya fi kama ni a 'yan shekarun nan shi ne na Oyinkan Braithwaite, My Sister, the Serial Killer, da ya fito a 2018. Ɗan ƙarami ne, a zama ɗaya za ka iya cinye shi. A Legas aka yi, wata ma'aikaciyar jinya ce ƙanwarta kyakkyawa take kashe samarinta, ita kuma yayar take zuwa da dare ta goge jini ta ɓatar da gawa. Kisan bai ba ni tsoro kamar yayar ba. Mace ce mai hankali, mai tsafta, mai kula da marasa lafiya, amma duk lokacin da aka kira ta sai ta je, don ƙanwarta ce. Na daɗe ina juya wannan a raina, domin a ƙauyukanmu abin da ke cin mutane ke nan. Sau da yawa an san wanda yake kai wa 'yan bindiga labarin wanda ya sayar da sa ko ya karɓi kuɗin wake, an san mai kai musu man fetur da burodi cikin daji. Amma ɗan wane ne, ƙanen wance ne, sai a ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Marubuciyar ba ta yi wa kowa wa'azi ba, ta bar ka da yayar kawai, kana jin tausayinta kana kuma jin tsoron yadda ka fahimce ta.

Daga nan na koma wa Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar ɗin nan da suka fito bayan gasar rubutu ta 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Muna yara an karantar da mu shi don jarrabawa, ba mu lura da irin nauyinsa ba. Mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwa, saurayin ya bar gari ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi, ramuwar kuma ta sauka a kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, har ya zama ɓarawo, har ya zama ajalin ubansa. Ka duba rikicin manoma da makiyaya a yammacin jihar nan, da yadda 'yan sa-kai suka shiga, da yadda kowane ɓangare yake lissafin nasa matattun. Yaran da ke riƙe da bindiga a dajin Rugu yau, da yawansu ba su da wayo lokacin da aka fara. Ni dai a ganina wannan ɗan littafi ya fi Chase sanin mugunta nesa ba kusa ba.

Ta fannin labaran gaskiya kuwa, na karanta In Cold Blood na Truman Capote, wanda ka daɗe kana yi mini maganarsa. A Nuwamba 1959 wasu mutum biyu da suka fito daga kurkuku suka shiga gidan wani manomi a ƙauyen Holcomb na jihar Kansas, don an gaya musu akwai akwatin ƙarfe cike da kuɗi. Babu akwatin. Suka kashe mutum huɗu, miji da mata da 'ya'yansu biyu, suka fita da abin da bai kai dala 50 ba da 'yar rediyo. An rataye su a 1965, littafin ya fito a 1966. Rubutun ya yi kyau ƙwarai, musamman inda ya nuna yadda mutanen ƙauyen suka fara kulle ƙofofinsu suna zargin juna, kafin a gano cewa baƙi ne suka yi. Wannan wurin ya sa tsigar jikina ta tashi, don na ga irinsa da idona. Amma ina da ƙorafi a kansa. An tabbatar daga baya cewa ganawar da ya rufe littafin da ita, a maƙabarta, ba ta taɓa faruwa ba, shi ya ƙirƙire ta don labarin ya sauka da daɗi. Wannan bai kwanta mini ba ko kaɗan. In ka ce wa mutane gaskiya za ka faɗa, kuma jinin bayin Allah ne ka tsoma alƙalaminka a ciki, to amana ce ka ɗauka. Iyalan mamatan suna raye lokacin da littafin yake ta kasuwa. Ina so in ji ra'ayinka a nan, don na san kai kana yi wa marubuta uzuri fiye da ni.

Yanzu bari in zo kan wanda ya sa na ɗauki biro, wato Baba of Karo. Na san ka san sunansa, amma ban tabbata ka zauna ka karanta ba. Tsohuwa ce Bahausa ta ƙasar Zazzau, an haife ta wajen 1877. Wata Baturiya, Mary Smith, matar masanin nan M. G. Smith, ta zauna da ita a Giwa daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, Baba tana faɗa da Hausa ita tana rubutawa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, ba ta ma gan shi ba. Ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta riƙi 'ya'yan dangi. Ta ba da labarin ƙawance da kishi da biki da suna da bori, da yadda ake zaman rinji da bayi, don gidansu ma sun mallaki bayi, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ga zuwan Turawa da idonta.

Abin da ya tsayar da ni shi ne inda take maganar mahara. Yadda ake fita gona da fargaba, yadda ake kama mata da yara a tafi da su, yadda maza suke bin sawu suna tambaya gari gari, a yi ciniki, a dawo gida a tara kuɗin wuri a je a fanso mutum. Ba ta ƙawata komai ba, ba ta neman ta ba ka tsoro. Tana faɗa ne yadda tsofaffinmu suke ba da labarin fari ko annoba, daga nan ta wuce zuwa maganar auren wata. Wannan sanyin muryar tata shi ya fi komai girgiza ni.

Ka san Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda muka taɓa kai wa ziyara a ƙauyensu ta wajen Batsari ta dama mana fura da nono mai kauri. Tana wurinmu yanzu, garin nasu ya watse. Har yau da hijabinta take kwana, takalmanta kuma a ƙarƙashin filo, ko da yake mun sha gaya mata nan cikin birni ne. Wani dare bayan isha'i aka ɗauke wuta, muna zaune a tabarma, na haska fitilar waya na riƙa fassara mata wannan wurin na mahara. Ta yi shiru tana jan carbi. Da na tsaya sai ta ce, “Wannan matar 'yar wane gari ce? A ina suka samu kuɗin?” Na ce mata ai abin ya fi shekara ɗari. Ta ce, “To ai mu ma haka muka yi.” Daga nan ta fara, abin da ba ta taɓa gaya wa kowa a gidan nan ba. Yadda aka ɗauki matar ɗanta da goyo. Yadda suka sayar da shanun huɗa biyu da buhunan geron da suka ajiye na ci, aka bi dangi gida gida da ƙoƙo. Yadda bayan an kai kuɗin aka ce saura babur da katin waya. Yadda yarinyar ta dawo ƙafafunta a kumbure, ta ƙi magana, sai dai in an ajiye abinci ta ɓoye rabi a cikin zane. Uwargida tana kuka, Gwaggo kuwa ko muryarta ba ta rawa, har tana gyara wa kanta lissafi, tana cewa a'a, ba ranar kasuwar ba ce, washegari ne.

Tun daga ranar nake tambayar kaina, wa yake rubuta nasu? Jarida za ta ce an kashe kaza an sace kaza, gobe ta wuce zuwa wani labari. Manyanmu sun bar tarihin rayuwarsu, Sardauna ya bar My Life tun 1962, na Abubakar Imam ma yana nan, kuma ina girmama su, ko don tsohuwar Kwalejin Katsina da ta haɗa su da garin nan. Amma nasu labarin taro ne da tafiye-tafiye da sarakuna da gwamnoni. Muryar talaka ba ta cika shiga takarda ba sai wani ya zauna ya saurara. Dorugu ma, yaron nan na ƙasar Damagaram da aka kama bawa, aka 'yanta shi, ya bi matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth har Landan a 1855, da wani ɗan mishan J. F. Schön bai zaunar da shi ya rubuta abin da yake faɗa da Hausa ba, da ko sunansa ba mu ji ba. Abin yana yi mini ciwo a ce na Baba da na Dorugu duka biyun baƙi ne suka yi wannan aiki, alhali yau a Katsina kaɗai muna da jami'o'i da masu digiri a Hausa da tarihi ba iyaka, ga kuma matan da aka raba da garuruwansu a kusan kowace unguwa, wasu suna wanke-wanke a gidajen mutane, wasu suna bara.

Don haka na fara, da izinin Gwaggo. In ta ga dama ta yi magana sai in kunna rikodar waya, daga baya in kwafe a littafin rubutu da kalmominta yadda ta faɗe su, ba na gyara mata Hausa, ba na ƙara gishiri. In ta ce a kashe, in kashe. Ta ce akwai wata maƙwabciyarsu da ke zaune wajen Ƙofar Guga wadda ta fi ta sanin farkon abin, za ta kai ni in ta yarda. Abin da ya dame ni shi ne sunaye. In na bar su, zan iya jefa waɗanda suka rage a can cikin haɗari, don wasu da ta ambata suna nan suna yawo. In na canza kuma, ina tsoron kada in fara zamewa zuwa abin da na zargi Capote da shi. Kai da kake cikin masu bincike, ka tambayar mini yadda suke yi, ka rubuto mini dalla-dalla.

Sai roƙo ɗaya. M. G. Smith yana da littafi kan Daura, The Affairs of Daura, na 1978. Na neme shi a nan ban samu ba. In ka ci karo da na hannu a shagunan tsofaffin littattafai na can, ko ya tsufa, ka saya mini, in wani zai taho gida ka ba shi, zan ba ƙanenka kuɗin a nan.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara. Gwaggo ta ce a gaya maka tana sa ka a addu'a, Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam,
Naka, amininka na Katsina.