Kun Yi Tuya Kun Manta da Albasa a Labarin Trevor Noah

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina game da rubutun da kuka buga a shafin nishaɗi kan Trevor Noah. Na ji daɗi da kuka leƙa waje kuka ɗauko mana ɗan barkwanci daga wata ƙasa. Sai dai marubucin ya fara labarin ne daga ranar da aka ba shi shirin The Daily Show, shirin zolayar labarai na talabijin a Amurka, ya ƙare da lissafin dukiyarsa, har ya kira shi ɗan barkwancin Amurka. Mai karatu sai ya ɗauka daga sama mutumin ya faɗo birnin New York. Uwarsa kuwa ko sunanta ba a ambata ba, alhali in ka cire ta babu labarin.

Sunanta Patricia Nombuyiselo Noah, 'yar ƙabilar Xhosa ce ta Afirka ta Kudu, ƙabilar su Nelson Mandela da Thabo Mbeki da Steve Biko. Asalin ƙasarsu ita ce lardin da a yau ake kira Gabashin Cape, kuma in ban da Zulu babu harshen da ya fi nasu yawan masu magana da shi a gida a faɗin ƙasar. Ta haifi Trevor a Johannesburg ranar 20 ga Fabrairu, 1984. Ubansa, Robert, Bature ne ɗan ƙasar Suwizalan. A wancan lokacin wannan haihuwa laifi ce da ake ɗaure mutum a kanta. Tun 1927 doka ta haramta tarayya tsakanin Bature da baƙar fata, hukuncinta yana kaiwa ɗaurin shekara biyar, a 1949 kuma aka haramta aure tsakaninsu gaba ɗaya. Ba a soke waɗannan hane-hane ba sai a 1985, yaron yana da shekara guda. Shi ya sa ya sa wa littafin tarihin rayuwarsa na 2016 suna Born a Crime, yana nufin haihuwarsa kanta laifi ce.

Yara masu tasowa suna jin kalmar wariyar launin fata kamar darasin tarihi kawai. Mu da muka ga zamanin da ake yankar wani abu daga albashin ma'aikatan Najeriya don asusun tallafa wa kudancin Afirka, tun wajajen 1976, mun san abin ba wasa ba ne. Duk da haka ko mu daga nesa muke gani. Abin da Trevor ya ba da labari shi ne yadda doka take shiga har cikin tafiyar uwa da ɗanta a kan titi. Da yake shi ruwa biyu ne, fatarsa ta fi ta uwarsa haske, ganinsu tare ya isa shaida a wurin ɗan sanda. Sai uwar ta nemi wata ƙawarta mai irin launinsa ta riƙe masa hannu, ita kuma ta biyo su a baya kamar 'yar aiki. Uban in sun fita tare, tsallaken titi yake bi. In an kai yaron Soweto gidan kakarsa Frances, ba a barinsa ya fita wasa da sauran yara, don kada a ɗauke shi. Ya ce kakar tana zane jikokinta duka amma ban da shi, wai ba ta san yadda ake dukan farin yaro ba, tana taɓa shi sai jikin ya yi ja ya yi shuɗi, tsoro ya kama ta. Jama'a suna dariya in ya faɗi wannan, amma duk mai hankali ya san abin da ke ƙarƙashin dariyar.

Ita Patricia irin matan nan ne da ba a tanƙwara su. Ta yi ƙuruciyarta cikin talauci a Transkei, ɗaya daga cikin yankunan da gwamnatin Turawa ta tura baƙaƙe, ta koyi Turanci a makarantar mishan, ta koyi buga tafireta, ta samu aikin sakatariya a lokacin da ba kasafai ake ba baƙar mace irin wannan aiki ba. Ta zauna a ɓoye a unguwar Hillbrow da aka keɓe wa Turawa. An sha kama ta ana cin ta tara, tana fitowa ta koma. Ita ta fara koya wa ɗanta Turanci, ta sa shi karatu, yana gama shafi tana yi masa tambayoyi. Kuma daga kallonta ya gane amfanin harshe: ya tashi yana jin Xhosa da Zulu da Sotho da Tswana da Tsonga da Afrikaans. Ya ba da labarin wasu samari da suka biyo shi suna shirya yi masa ƙwace da Zulu, sun ɗauka ba ya ji. Ya juyo ya amsa musu da Zulu, suka fashe da dariya suka ba shi haƙuri. Wanda ya kalli wasanninsa zai ga cewa jarinsa ke nan har gobe. Cikin minti biyu sai ya zama Ba'amurke, ya zama Bajamushe, ya zama Jacob Zuma, tsohon shugaban Afirka ta Kudu, yana fama da karanta manyan lambobi.

A 2009 tsohon mijinta, wanda ta aura bayan rabuwa da uban Trevor, ya harbe ta a ka. Harsashin ya shiga ta ƙeya ya fita ta hanci, Allah ya yi da sauran kwananta. Kafin nan ta sha kai ƙararsa wurin 'yan sanda kan duka, suna cewa ta koma gida su sasanta. Daga baya kotu ta same shi da laifin yunƙurin kisa, amma bai yi zaman kurkuku ba. Ina ganin wannan kaɗai ya cancanci sakin layi a jaridar da mata suke karantawa, fiye da farashin gidan da ɗanta ya saya.

Sai batun sana'a. Marubucinku ya nuna kamar sa'a ce ta faɗo masa. Tsakanin fitowarsa ta farko a talabijin da hawansa kujerar Jon Stewart, wanda ya gada a The Daily Show, shekara 13 ce. Ya fara da ƙaramin matsayi a wasan kwaikwayo na Isidingo a 2002, yana da shekara 18. Ya yi shiri a gidan rediyon matasa na YFM, ya gabatar da shirin yara da na gulmar taurari a tashar SABC, har gasar rawa ya shiga a 2008. Kafin duk wannan ma faifan waƙoƙi na bogi yake sayarwa a unguwar Alexandra, shi da bakinsa ya faɗa. A 2010 tashar M-Net ta ba shi shirin hira na kansa. Wato kafin Amurkawa su san da shi, ya riga ya cika manyan ɗakunan taro a ƙasarsa. A Janairun 2012 ya zama ɗan barkwancin Afirka ta Kudu na farko da ya yi wasa a shirin talabijin na Jay Leno a Amurka, a Disambar 2014 ya shiga The Daily Show, ranar 28 ga Satumba, 2015 kuma ya fara gabatar da shi. Ya riƙe shirin shekara bakwai, ya sauka da kansa a Disambar 2022. Bikin Grammy da ya yi ta jagoranta tun daga 2021 kun ambace shi, ba sai na maimaita ba.

Kada a ce na zo yi masa kirari ne. Akwai inda ba na tare da shi. Tun kafin ya fara gabatar da The Daily Show aka tono tsofaffin saƙonninsa na Twitter masu zolayar mata da Yahudawa, kuma gaskiya babu abin dariya a cikinsu. A 2019 ya mayar da rikicin Indiya da Pakistan abin raha ana tsaka da fargabar yaƙi, sai da ya nemi afuwa. Har wasan da ya fi ɗaukaka shi a farko, wanda ya jera maganganun Donald Trump da na Idi Amin da Mugabe da Gaddafi ya ce Trump ya dace da shugabancin wata ƙasar Afirka, na yi dariya amma dariyar ba ta kai zuci ba. Hikimar a fili take: ya nuna wa Amurkawa cewa abin da suke raina mu a kai yana cikin gidansu. To amma mu ne aka mayar ma'aunin lalacewa, kuma masu tafin ba lallai su tsaya bambance Idi Amin da sauran Afirka ba.

Inda na tsaya masa shi ne rigimarsa da Faransa. Da suka ci kofin duniya a 2018, ya ce Afirka ce ta ci, yana nufin su Pogba da Kanté da Mbappé. Jakadan Faransa a Amurka, Gérard Araud, ya rubuto masa wasiƙa cewa waɗannan 'yan Faransa ne, kiran su 'yan Afirka tauye musu matsayi ne. Trevor ya karanta wasiƙar a gaban jama'a, ya tambaya me zai hana mutum ya zama duka biyun, kuma me ya sa ɗan baƙi yake zama Bafaranshe in ya ci ƙwallo, in ba shi da aiki ko ya yi laifi sai a tuna daga Afirka ya fito. Tambayar ta dace da bakin mutumin da gwamnati ta taɓa rasa layin da za ta sa shi a takarda.

Kuma in ana son shaida cewa bai yar da gida ba, a duba bikin Oscar na 2019. An kira shi ya gabatar da fim ɗin Black Panther, wanda mutanen ƙasar Wakanda ta cikinsa da harshen Xhosa suke magana, albarkacin dattijon ɗan wasa John Kani da ya fito a matsayin sarki. Trevor ya gyara tsayuwa, ya faɗi wata jimla da Xhosa, ya ce karin magana ce ta haɗin kai. Manyan taurari suka yi ta tafi. Abin da ya faɗa a zahiri shi ne Turawa ba su san ƙarya yake shararawa ba. Washegari Afirka ta Kudu ta kwashe da dariya. A dandalin da ya fi kowanne girma a sana'arsa, mutanen gida, na garin Mthatha a Gabashin Cape da na Soweto, ya tanadar wa rahar, ba waɗanda ke zaune a gabansa ba.

Roƙona biyu ne, Malam Edita. Ku gyara kiran da kuka yi masa na ɗan Amurka. Sannan in za ku sake waiwayar 'yan wasan Xhosa, ba shi kaɗai ba ne. Akwai Loyiso Gola, haifaffen Gugulethu a Cape Town, wanda ya riga Trevor yin shirin zolayar labarai: Late Nite News, daga 2010 zuwa 2015, yana caccakar gwamnatin Zuma daga cikin gida, har sau biyu aka sa shirin a takarar Emmy ta duniya, lambar yabon shirye-shiryen talabijin. Akwai kuma Siv Ngesi, shi ma ɗan Gugulethu, ɗan fim, ɗan barkwanci, mai gabatar da shiri, wanda yake amfani da sunansa wajen tara audugar mata kyauta ga 'yan makaranta don kada al'ada ta hana su zuwa aji. Ina sa ran ganin labarinsu a shafinku.

Wassalam.

Naka,
Malamin makaranta mai ritaya,
daga Zariya.