An bar jaki ana dukan taiki

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka na shirin wasanni. Ni tela ne a Tudun Wada, nan Kaduna, kuma rediyo ba ta mutuwa a shagona daga buɗewa har tashi. Abin da ya sa na rubuto shi ne kiran wayar da ake yi muku ranar Litinin. Duk makon da Manchester United ta sha kashi, kusan duk wanda ya kira maganarsa ɗaya ce: a kori koci. Mai gabatarwa ya yi masa godiya, a ɗauki kira na gaba, shi ma ya maimaita. Na daɗe ina jin wannan magana tana ci mini rai, domin ni ma ɗan Man U ne, tun daren nan na 1999 da Sheringham da Solskjaer suka zura wa Bayern Munich ƙwallo biyu a mintunan da aka ƙara.

Daren Laraba, 21 ga Mayu 2025, na je gidan kallo da ɗana mai shekara goma sha huɗu. Wasan ƙarshe ne na kofin Europa, mu da Tottenham, a Bilbao. Gida ya cika maƙil, kwano ya ɗau zafi, janareta na ruri a bayan katanga, yara sun hau kan tagogi don ba wurin zama a benci. Kafin a tafi hutu Tottenham ta jefa ƙwallo ɗaya, kuma ita ce ta raba gardama. Da alƙalin wasa ya hura tashi, wani dattijo da ke gabanmu ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya yi shiru, har aka kashe talabijin bai motsa ba. A hanyar gida yaron nan bai ce uffan ba sai da muka tsaya wajen mai shayi. Ya ce, "Baba, kawai a kori kocin nan." Na ce masa, "Yaro, in an kore shi, na nawa ke nan?" Muka zauna muna ƙirgawa da yatsu.

Tun da Alex Ferguson ya ajiye aiki a 2013, shekarar da muka ɗauki kofin Firimiya na ƙarshe a hannunsa, an kawo Moyes, an kawo Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, Ten Hag, sai Amorim a ƙarshen 2024. Mutum shida cikin shekara goma sha ɗaya, ban da masu riƙon ƙwarya irin su Giggs da Rangnick. Moyes bai cika kaka ɗaya ba. Van Gaal ya ci kofin FA a 2016, kwana biyu tsakani aka sallame shi. Mourinho ya kawo kofin Europa a 2017, ya kai mu na biyu a 2018, kafin shekarar ta ƙare aka ce ya tattara. Ten Hag ya doke Manchester City a wasan ƙarshe na kofin FA a 2024, aka tsawaita masa kwantiragi a watan Yuli, aka kore shi a Oktoba. A cikinsu akwai ɗan gida, akwai baƙo, akwai mai zafi, akwai mai sanyi. Kowa ya zo da salonsa, kuma a kakar 2024/25 muka ƙare na 15 da maki 42. Tela in ya canza allura sau shida zare na ci gaba da tsinkewa, ya san lokaci ya yi da zai buɗe cikin keken ya duba.

Ban ce kociyoyin nan ba su da laifi ba. Ten Hag ne ya nace sai an kawo masa Antony, yaronsa na Ajax. Amorim ya kafe kan tsarin 'yan baya uku ko da 'yan wasan da ya tarar ba su dace da shi ba. Amma wa ya sa hannu aka biya sama da fam miliyan 80 a kan Antony? Koci yana roƙo ne, akwai mai riƙe da jaka. Pogba ya bar kulob ɗin a 2012 ba a sayar da shi ba, aka sayo shi fam miliyan 89 a 2016, ya sake tafiya kyauta a 2022. McTominay, wanda aka raina tun yana ƙarami a gidan, an sayar wa Napoli a 2024, a kakarsa ta farko ya ɗauki kofin gasar lig ta Italiya kuma aka zaɓe shi gwarzon gasar. An ɗauko Dan Ashworth ya zama daraktan wasanni, wata biyar aka rabu da shi. Duk wannan shawara ce ta ofis, ba ta bakin fili ba.

Asalin ciwon yana can 2005, lokacin da iyalan Glazer na Amurka suka sayi kulob ɗin da kuɗin rance, sannan suka ɗora bashin a wuyan kulob ɗin kansa. Tun daga nan ana biyan kuɗin ruwa daga abin da ƙwallo ke kawowa. Ferguson ya rufa wa wannan asiri na shekara takwas saboda baiwar da Allah ya yi masa; da ya tafi sai komai ya fito fili. Mun gani da idonmu a Mayun 2024, ranar wasa da Arsenal, ruwan sama na kwarara daga rufin Old Trafford kamar indararo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: magoya bayan da ke zaune a Manchester ba koci suke yi wa zanga-zanga ba. A Mayun 2021 sun kutsa cikin filin har aka ɗage wasa da Liverpool, kuma sunan Glazer ne a allunansu. Jim Ratcliffe, attajirin Birtaniya, ya sayi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kulob ɗin a 2024 ya karɓi ragamar harkar ƙwallo, amma mafi yawan hannun jarin yana nan inda yake.

Matasanmu ba su san cewa Ferguson da ya zo a Nuwamban 1986 bai ɗaga kofi ba sai 1990, kakar da ya ƙare na 13, kuma bai ci gasar lig ba sai 1993. Da akwai waya a hannun kowa a lokacin, da ba mu ga kofunan Firimiya 13 ɗin nan ba.

Malam Edita, mu mutanen Kaduna bai kamata a koya mana wannan daga Ingila ba. Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1988, ta ci kofin WAFU na Afirka ta Yamma a 1989. Garin nan ne ya haifi Amokachi da Celestine Babayaro, waɗanda suka ci biyu daga ƙwallo ukun da Najeriya ta zura wa Ajantina a wasan ƙarshe na gasar Olympics ta Atlanta a 1996, ga Tijjani Babangida da Garba Lawal a tawagar. Kaduna United ta doke Enyimba a bugun fenariti a Kano ta ɗauki kofin Federation a 2010, ta wakilci ƙasa a Afirka, bayan 'yan shekaru kuma ta faɗo daga babbar gasa. Ni dai ban yarda rashin koci ne ya kwantar da ƙwallon garin nan ba. Inda ɗan wasa ke bin bashin albashi, inda kuɗin tafiya ke jiran sa hannun wani jami'i, ko Ferguson ka kawo sai ya sha ruwan zagi. Kuma a nan muryarmu tana iya isa kunnen masu kulob, saɓanin Manchester da ba wanda ya san muna yi.

Roƙona biyu ne. In mai kira ya ce a kori koci, don Allah mai gabatarwa ya tambaye shi wa ya sayi 'yan wasan, wa ya naɗa kocin, wa zai naɗa na gaba. Sannan ku ware ko da minti goma ne a mako ku gayyato shugabannin kulob-kulob na Kaduna, ku buɗe layi mu yi musu tambaya kan albashi da fili da yaran da ke tasowa. Ɗana ya san sunan kowane ɗan benci a Old Trafford, amma bai taɓa shiga filin Ahmadu Bello ba. Na yi masa alkawarin zan kai shi, kuma a shirinku nake so in ji ranar wasan da wanda za a kara.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
Tudun Wada, Kaduna