Masu zuwa lambun Azhar a Alƙahira, a riƙa sauka wajen ganuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin ɗalibanmu da ke karatu a Alƙahira, da masu zuwa neman magani ko sayayya, kan lambun shaƙatawa na Azhar. Yawancin mutanenmu in sun shiga, hoto suke ɗauka a bakin ruwa su fito, alhali abin kallon yana gangaren yamma.

Wurin juji ne tun asali. Kimanin shekara 500 mutanen birni suna jibga shara da ɓaraguzai a bayan ganuwa, har ya zama tsauni. A 1984 Aga Khan, shugaban mabiya Isma'iliyya, ya ɗauki alkawarin gina wa birnin lambu, aka buɗe shi a 2005, fili mai faɗin hekta 30. Da ana kwashe jujin ne ganuwar da Salahuddin Ayyubi ya fara ginawa a 1176 ta bayyana, tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, da ƙofofinta da hasumiyoyinta. Sharar da ta binne ta ita ce ta kare ta. Duk Bakanon da ya ga yadda badala take zaizayewa, sai jikinsa ya yi sanyi in ya tsaya gabanta.

Babbar ƙofa tana kan titin Salah Salim, a nan ake sayen tikiti. A ce wa mai tasi ya sauke mutum a ɓangaren ƙofar, domin tsallaka titin nan da ƙafa ganganci ne, motoci ba sa sassautawa. Da an shiga, a bi doguwar hanyar tsakiya mai jerin itatuwa da ruwa na gudu a tsakaninsu, a fuskanci kudu. An tsara ta ne ta miƙe saitin Ƙal'a, tsohuwar fadar sarakuna mai ganuwa da ke kan tudu, saboda haka masallacin Muhammad Ali da ke cikinta yana gaban mai tafiya har ya kai tafkin lambun. Ƙarƙashin ƙafarsa kuwa akwai manyan tankunan ruwan sha guda uku na birnin, an rufe su da ƙasa an yi shuka a kai. Ƙasar jujin gishiri ya yi mata yawa, sai da aka gyara ta aka ƙaro wata kafin tsiro ya kama.

Daga tafki sai a karkata dama a gangara. Gangaren yana da tsayi, silifas yakan zame, kuma mai ciwon gwiwa ya tuna cewa hawowa ta fi sauka wuya. A ƙasa a bi gindin ganuwar a hankali, a duba ƴan tagogin harba kibiya: ciki da faɗi, waje a tsuke, don maharbi ya samu wurin juyawa ba tare da an same shi ba. Ta ƙofar ganuwar da ake kira Babul Mahruƙ ake fita unguwar Darbul Ahmar, inda masallacin Aƙsunƙur da madarasar Ummu Sultan Sha'aban suke, duka na zamanin sarakunan Mamluk da suka mulki Masar. A tambayi ma'aikata ko ƙofar a buɗe take kafin a sauka.

Juma'a da ranakun sallah cunkoso ne, gara tsakiyar mako bayan La'asar. Awa biyu ta isa zagayen. Daga Disamba zuwa Fabrairu a riƙe rigar sanyi, iskar kan tudun tana da kaifi da zarar rana ta faɗi.

Wassalam.
Mai karanta jaridarku, daga Alƙahira